Sitiroberin Jos ko daskararre na kanti: wanne ya fi a haɗin lemo?

Amarya, na ga tambayarki tun daren jiya, hidimar wani suna a Agege ce ta hana ni zama in amsa. Ga waɗanda abin ya wuce su: ta raka maigidanta liyafar wurin aikinsu a Lekki, nan Legas, aka zagayo da wani jan lemo a dogon kofi, ga ƙanƙara, ga yankan sitiroberi a baki. Har ta miƙa hannu, yaron da ke rabon ya dubi hijabinta ya raɗa mata cewa akwai giyar da ake kira jin a ciki. Ta janye hannu, amma ido ya riga ya gani. Yanzu dangin miji za su zo daga Zariya, tana so ta haɗa musu irinsa ba giya, shi ne take tambaya: ɗanyen sitiroberi na Jos za ta nema, ko daskararren da ke firizar manyan kantuna?

Yaron nan dai Allah ya saka masa da alheri. Ba kowane mai rabo ne zai yi hakan ba.

Amsata ita ce daskararre a cikin jog, ɗanye a bakin kofi. Na san masu kishin kayan gida za su ce na zubar da Jos, to ku tsaya ku ji.

Sitiroberi ɗan sanyi ne. Abin da ya sa yake yi a Filato shi ne tudu, don Jos tana kan tsayin da ya kai kusan mita 1,200, kuma a kewayen Vom, musamman ƙauyen Chaha da ke Jos ta Kudu, aka fi nomansa. Kakarsa lokacin hunturu ce, daga wajen ƙarshen shekara zuwa Maris. Wanda ya taɓa cinsa a can, an tsinko da safe, ba sai an yi masa bayani ba, ƙamshinsa ne ke fara yi maka sallama kafin ka ga robar. Matsalar ita ce hanya. Tsakanin Jos da Legas kusan kilomita 1,000 ne a mota, shi kuwa wannan ɗan itacen fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, fatarsa kuma ba ta da wani kauri. Sannan yana da wani hali da ya bambanta shi da mangwaro ko ayaba: da zarar an tsinke shi, ya daina ƙara zaƙi. Mangwaro za ki saye shi ɗanye ki rufe a buhu ya nuna. Sitiroberi yadda ya bar gona haka zai zauna har ya ruɓe. Saboda haka manomin da zai turo kaya Kudu yana tsaka mai wuya. In ya bari ya nuna sosai, kafin a sauke shi a kasuwar Mile 12 ko ta Ketu ya zama kunu. In ya tsinka da sauran fari a wuya, zai iso da kyansa, amma tsami ne zalla, ba ƙamshi. Yawancin wanda kike gani a jere yana sheƙi irin na biyun ne, kyan ɗan maciji.

Ko kin dace da mai kyau, iskar Legas ba ta barinsa. Na taɓa sayen roba shida ranar Alhamis don walimar Asabar, na jera a firij, aka ɗauke wuta daren Juma'a. Da gari ya waye rabinsu sun yi farin gashi. Wanda ya sayar mini bai cuce ni ba, ni ce na yi ganganci. Tun daga ranar ba na sayen ɗanye sai ranar da zan yi aiki da shi, ko ana gobe, kuma ba na wanke shi sai zan yanka, don ruwa ne ke gaggauta funfunar. In za ki saya, ki shinshina tukuna. In ba ki ji komai ba, a kofi ma ba za ki ji ba. Ki duba jan ya kai har gindin ganye, ki kifa robar ki ga ko ƙasanta ya jiƙe.

Daskararre kuma labarinsa akasin haka ne. Da yake ba tafiya zai yi a ɗanye ba, ana barinsa ya nuna a gona, a wanke, a cire ganye, a daskarar da shi nan kusa. In kin karanta bayan leda za ki ga da yawansa daga Masar yake, ƙasar da ta yi fice wajen fitar da shi a daskare. In ya narke ba ya da kyan gani ko kaɗan, yana yin laɓa-laɓa, don ƙanƙarar da ta fito a cikinsa ta farfasa masa nama. To wannan munin shi ne amfaninsa a wurinki. Ke ruwansa kike nema, shi kuwa ya riga ya saki jiki, ba sai kin sha wahalar matsa ba. Launinsa ya fi ja, ɗanɗanonsa ba ya canzawa tsakanin Janairu da Agusta, kuma ba ki zubar da ko ɗaya. Roba ɗaya ta ɗanye, kafin ki cire ganye da waɗanda suka dameje, wani lokaci kashi ɗaya cikin uku ya tafi shara.

Amma shi ma yana da nasa. Na farko, ki girgiza ledar a kanti. Ya kamata ki ji suna karo da juna kamar tsakuwa. In kin ji sun cure wuri ɗaya kamar dutse, ko kin ga jar ƙanƙara a ƙasan leda, to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ki ajiye musu kayansu. Ki kuma tafi da kular ƙanƙara, don gosulon Ikeja zuwa Agege kaɗai ya isa ya narkar da shi. Na biyu ya fi muhimmanci: sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. A 2012 a Jamus, kusan mutum 11,000, yawancinsu yara 'yan makaranta, sun kwanta da amai da gudawa, aka bi diddigi aka gano daskararren sitiroberi ne da aka ba su ba a dafa shi sosai ba. Shi ya sa in taro ne mai yara da masu ciki da tsofaffi, nake tafasa nawa minti 1 zuwa 2. Tafasar tana rage wannan ƙamshin na ɗanye, tana kai shi wajen ɗanɗanon jam, ban ɓoye miki ba. Maganinsa shi ne ki sami ɗanyen guda biyar ko shida masu ƙamshi, ki murƙushe su a jog daf da za a zuba. Kin ga kowa ya yi aikinsa: ɗan Masar ya ba da jiki, ɗan Jos ya ba da ƙamshi da ado. In kuma a tsakiyar hunturu ne, kika sami wanda aka sauke ranar, jajir har wuya, to ki manta da firiza gaba ɗaya, ki yanka shi ki barbaɗa sukari ki rufe a firij awa 2. Sukarin zai jawo ruwan da kansa. Wannan babu na biyunsa, sai dai a shekara sau nawa ake dacewa?

Akwai na uku da ba ki ambata ba, sirop na kwalba. Yana fitar da mai sana'a kunya in mutum ɗari biyu za a shayar, amma a gida ban ga dalilinsa ba. Yawanci sukari ne da launi da ƙamshin haɗi, kina kurɓa za ki tuna alawar yara. In dole ne, ki karanta takardar jiki. Wani jan launin, mai lamba E120, daga jikin wani ƙwaro ake samunsa, malamai kuma sun yi saɓani a kansa. In ja kike so ya ƙaru, zoɓo yana nan. Sinadarin da ke ba zoɓo launi dangi ɗaya ne da na sitiroberi, ludayi guda na jiƙaƙƙen zoɓo mai kauri zai tayar miki da jog guda, ba kuma zai danne ɗanɗanon ba in ba ki cika hannu ba. Lemon tsami ma yana ƙara wa jan haske, za ki gani da idonki kina matsawa.

Yanzu maganar giyar. Kada ki ɗauka ita ce ke sa abin daɗi. Jin ba ta da zaƙi. Giya ce mai ƙarfi, wajen kashi 40 cikin 100 barasa, wadda ake ƙamsasa da 'ya'yan wani itace da ake kira junifa, mai ƙamshi kamar na ɗanyen katako, haɗe da ɓawon lemo da wasu kayan ƙamshi. Aikinta a kofin, ban da bugarwa, shi ne ta karya zaƙi ta kawo ɗan ɗaci da ƙamshi. Mu hukuncinta a wurinmu sananne ne, abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma ɗaci da ƙamshi ai ba mallakar giya ba ne. Kuskuren da nake gani a bukukuwanmu shi ne a cire giya a cike gurbinta da ƙarin sukari, sai abu ya koma lemon yara.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu a garin nan: Chapman. Kowa na shansa a matsayin lemon da ba giya, har ana danganta asalinsa da Ikoyi Club. Amma a haɗinsa na asali ana ɗiga Angostura, ruwan ɗacin nan na 'yar kwalbar mai takardar da ta fi ta girma, wadda ake yi a Tirinidad. Barasar da ke cikinta kashi 44.7 ce cikin 100, ta ma fi ta yawancin jin. Ɗigo kaɗan ake sawa, gaskiya ne, amma ya kamata mutum ya san abin da ke kofinsa. In wani ya ce ki sa ta a haɗinki don ɗaci, kin san amsar. Akwai kuma kwalaben jin da aka rubuta 0.0% a jikinsu. Ni ba na kawo su gidana. Ga tsada, ga kwalbar sak ta giya, ki yi tunanin surukarki daga Zariya ta buɗe firij neman ruwa ta gan ta. Wa zai tsaya yi mata bayanin sifili da ɗigo?

Abin da zai cike miki gurbin shi ne ruwan da kika ɗora a sama, kuma nan ma akwai zaɓi. Sprite ko 7Up su ne masu sauƙin samu, yara na so, amma zaƙi ne a kan zaƙi, kofi ɗaya ya gundure ki. Ruwan soda ba shi da sukari ko kaɗan, yana barin sitiroberin ya fito fes, shi ya dace da masu ciwon suga in kin rage sukarin haɗin sitiroberin, sai dai ba ya kawo ɗaci. Tonik, irin na Schweppes da ke kowane kanti, shi ne ya fi kusa da abin da kika gani a Lekki. Ɗacinsa na kwinin ne, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Turawan Ingila a Indiya ne suka riƙa haɗa shi da jin don su iya haɗiye ɗacin, daga nan abin ya bazu. Kwinin da ke cikin na yanzu bai kai ya warkar da zazzaɓi ba, kada wata ta fasa zuwa asibiti. Kuma yana da sukari, ɗacin ne ke ɓoye shi. Ni rabi da rabi nake yi, tonik da soda, don bakin da bai saba ba tonik zalla yana yi masa kamar magani.

Ƙamshin kuma yana cikin kicin ɗinki. Ki fere ɓawon lemon zaƙi ɗaya, ban da farin ciki, ki haɗa da kanumfari 3, masoro kaɗan, yankan ɗanyar citta, da kimba ƙwaya ɗaya tak da kika ɗan fasa. Ki zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe minti 10, ki tace. Kimbar ce ke kawo wannan ƙamshin na itace, amma in kika sa biyu kin koma yajin mai jego.

Ga awon da nake yi wa mutum 8 zuwa 10. Daskararre giram 500, sukari rabin kofi zuwa kofi ɗaya gwargwadon bakin gidanku, da wancan ruwan ƙamshin. Ki ɗora a wuta, in ya tafaso ki ba shi minti 2, ki sauke, ki danna da bayan ludayi, ki tace a rariya mai laushi. Kada ki sa a bilenda, tana farfasa 'ya'yan ta kawo kumfa, lemon ya yi duhu kamar kunu. In ya huce ki matsa lemon tsami 4 ko 5, ki murƙushe ɗanyun nan a ciki. Kowane kofi ki cika shi da ƙanƙara, ki zuba babban cokali 3 na haɗin, ki ƙarasa da tonik da soda masu sanyi, ki juya sau ɗaya. Ganyen na'ana'a ki tafa shi a tafin hannu kafin ki jefa, kada ki daka shi.

Haɗin yana kwana uku zuwa huɗu a firij in wuta ta tsaya. In ba ta tsaya ba, ki yi hattara, don 'ya'yan itace da sukari a zafin Legas ba sa jimawa suke fara tsima. Kika buɗe kwalba kika ji ta yi tsit, ko kika ga kumfa alhali ba ki sa soda ba, to abin da kika guda a Lekki ne ya fara haɗa kansa a kicin ɗinki, ki zubar. Gara ki juye ragowar a farantin ƙanƙara ki daskarar, duk ranar da aka yi baƙo ki jefa uku a kofi.

Tonik ɗin kuma kada ki buɗe shi sai kin ji sallamarsu a ƙofa.