Get mai gane mota daga nesa: abin dubawa kafin a biya kuɗi a Sakkwato

Rukunin gidaje, makarantun kuɗi, asibitoci da ma'aikatu a Sakkwato sun fara neman get ɗin da zai gane motar gida tun tana tahowa, sanda ta ɗaga da kanta, ba sai direba ya yi ta danna oda yana jiran maigadi ya taso daga inuwa ba. Fasahar da ke yin wannan aiki ita ake kira RFID. Ana kafa na'ura mai eriya a jikin fol kusa da ƙofa, tana aika igiyar rediyo. A jikin mota kuma akwai ɗan tambari mai ɗauke da lamba. Na'urar ta karanta lambar, ta miƙa wa akwatin da ke riƙe da sunayen masu izini, shi kuma ya ba sanda ko injin get umarnin buɗewa.

Abin da masu sayarwa suka fi tallatawa shi ne nisa. Wannan tana karantawa daga mita 10, waccan mita 15, wata ma har 30. A ganina nisa ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya damu da shi, kuma a yawancin ƙofofin garin nan yawansa illa ne.

Kafin a zo nan, a fara ware abin da ba zai yi ba. Katin da ake dangwalawa a ƙofar ofis ko ta ɗakin otal, mai aiki a 125 kHz ko 13.56 MHz, ba ya wuce 'yan santimita. Idan aka kawo maka shi a matsayin na mota, to direba zai riƙa tsayawa, ya sauke gilashi, ya miƙa hannu cikin rana ko ƙurar hunturu. Yana da araha, amma ba shi ake nema ba.

Zaɓin gaske tsakanin iri biyu yake. Na farko shi ne mai aiki a zangon igiyar rediyo da ake kira UHF, mai tambari marar batir. Tambarin sitika ce siririya da ake mannawa a gilashin gaba ta ciki, tana samun ɗan ƙarfin da za ta amsa daga igiyar da na'urar ta aiko. Irin wannan yana karantawa daga 'yan mitoci har zuwa wajen mita 10, gwargwadon girman eriya da ingancin sitikar. Na biyu shi ne tambari mai batir, wanda galibi ke aiki a 2.45 GHz ko 433 MHz. Ɗan akwati ne da ake rataye shi ko a manna a gilashi, ya fi ƙarfi, ya fi jure motar da ke tafe da gudu, kuma kuɗinsa ya ninka na sitika sau da yawa. Kamfanin Nedap na ƙasar Holan yana yin iri biyun: uPASS na UHF ne, TRANSIT kuma na 2.45 GHz. TagMaster na Suwidin ma tsohon hannu ne a wannan fage. Wanda aka fi cin karo da shi a shagunan kayan tsaro na Najeriya shi ne ZKTeco, da wasu na Sin da ba su da wani sanannen suna.

Ga rukunin gidaje a Arkilla ko Bado, ko makaranta a Mabera, mai sitika zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, saboda zafin garin nan. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura 40 a inuwa, kuma abin da ke manne a bayan gilashin motar da ta wuni a rana yana shan zafin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Batir ba ya shiri da irin wannan gashi. Tambarin da aka rubuta zai yi shekara biyar a ƙasa mai sanyi, kada ka yi lissafin shekara biyar da shi a nan. Da yawansu kuma a rufe suke ruf, in batir ya mutu sai dai a sayi sabo. Wani abin kuma, akwatin da ake cirewa ana iya ara wa wani. Ɗan gida ya ba abokinsa, abokin ya shigo da motar da ba a sani ba, na'ura ta rubuta sunan maigida. Akwai sitikar da aka ƙera ta yadda da an ɓamɓare ta wayar cikinta za ta tsinke, ta daina aiki. Ita za ka ce a kawo maka, ko da ta ɗan fi tsada.

Inda mai batir yake da amfani shi ne wurin manyan motoci, kamar tirelolin da ke zirga-zirga a hanyar Kalambaina ko ma'ajiyar kaya mai faɗin ƙofa, inda gilashin direba yake can sama kuma motar ba ta bin layi ɗaya kullum. A can kuɗin ya halatta.

Sai maganar da kusan babu mai sayarwar da zai fara yi maka, wato zangon da na'urar ke aiki a kai. Na'urorin UHF iri biyu ake ƙerawa: na Turai, 865 zuwa 868 MHz, da na Amurka, 902 zuwa 928 MHz. A rabon zangon rediyo na duniya Najeriya tana yanki ɗaya da Turai. Wayoyin salula da ke kan GSM 900 suna aika saƙo zuwa turakun sadarwa tsakanin 890 da 915 MHz, ka ga na'urar Amurka ta shiga gonarsu ke nan. Idan akwai turken sadarwa kusa da ƙofarka, kana iya samun na'urar da ke karantawa yau ta ƙi gobe, kai ma kana dagula wa maƙwabta layi. Ka duba takardar da ke manne a bayan na'urar da idonka. A wasu samfuran ZKTeco harafin E a ƙarshen suna na nufin zangon Turai, F kuma na Amurka. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke da alhakin amincewa da kayan sadarwa irin wannan, don haka ba laifi ba ne ka tambayi mai kawo kayan ko samfurin yana da amincewarta. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, ka nemi wani. Sitikar ma a tabbata an daidaita ta da zangon da na'urar ke kai, ko kuma mai aiki a duka biyun ce.

Mu koma kan nisa. Yawancin ƙofofinmu a bakin titi suke, tsakanin kwalta da get bai wuce tsawon mota biyu ba. Ka kafa na'ura mai mita 12 a irin wannan wuri, sai Alhaji ya zo wucewa kan titi zai tafi kasuwa, bai yi niyyar shiga gida ba, sanda ta ɗaga. Motar da aka aje a cikin harabar kusa da ƙofa ita ma za ta riƙa buɗe get tana nan a tsaye. Idan hanyar shiga da ta fita suna jere, na'urar shiga ta riƙa kama motar da ke fita. Maigadi zai jure kwana biyu, a na uku ya zare wayar ya ce, "Ranka shi daɗe, abin nan buɗewa yakai ba kowa." Kuma gaskiyarsa. Mita 4 zuwa 6 sun ishi ƙofar gida ko makaranta, domin mota tana rage gudu kafin ta iso. Abin nema shi ne na'urar da ake iya rage mata ƙarfi ta manhaja, a saita ta daidai da filin da kake da shi.

Akwai kuma maganin da ya fi wannan, wato wayar da ake binnewa a ƙasa. Ana yanka siminti ko a ɗaga intalok, a shimfiɗa waya zagaye-zagaye, ita ke jin ƙarfen mota in ta hau kanta. Sai a haɗa ta yadda na'urar ba za ta karanta komai ba sai mota ta taka wurin. A sa wata kuma a ƙarƙashin sandar, don kada ta sauko kan rufin mota, kuma ta rufe da zarar motar ta wuce kafin ta baya ta bi sahu. Masu kawo farashi mai rahusa nan suke yanke kuɗi, su bar sanda tana sauka da ƙidayar daƙiƙu. Kada ka yarda. A Sakkwato kuma dole a gwada wayar da babur, domin ƙarfensa kaɗan ne, in ba a ƙara mata ji ba sanda za ta iya sauka a kan mutum. Ƙarin idon lantarki a gefe biyu na ƙofa yana kare masu tafiya a ƙasa da yara.

Tunda an ambaci babur: ma'aikata da yawa da shi suke zuwa aiki, ban da 'yan kabu-kabu da masu keke napep da ke kawo yara makaranta. Sitikar gilashi ba ta aiki idan aka manna ta a kan ƙarfe. Akwai wadda ake mannawa a fitilar gaba, akwai kuma mai kauri da aka yi musamman don jikin ƙarfe. Katin UHF na aljihu ma akwai, sai dai jikin mutum yana shanye igiyar, in katin na cikin aljihun gaba ko an dunƙule shi a hannu nisansa yana raguwa sosai. Haka wasu manyan motoci suna zuwa da gilashin gaba mai sinadarin ƙarfe don kare zafi, wasu kuma an liƙa masu leda mai duhu da ke da ƙarfe a ciki. Irin waɗannan suna toshe igiyar. Dabarar ita ce kafin a ɓare bayan sitika, a riƙe ta da salatif a wurin da ake so, a ja motar baya, a taho a gani. In ta ƙi, a koma fitila. Sitikar da aka riga aka manna ba ta ciruwa lafiya.

Wasu za su ce me ya sa ba za a sa kyamara mai karanta lambar mota ba, irin ta Hikvision ko Dahua, a huta da sitika gaba ɗaya. Tana da kyau wajen ajiye hoton duk wanda ya shiga, har da baƙi. Amma ita da ido take aiki. Hazon hunturu yana rufe gilashinta, lambobi da yawa sun koɗe ko sun lanƙwashe, ga masu rufe lamba da leda, ga motocin Nijar da ke shigowa ta Illela da tsarin lamba daban. Lambar mota kuma kowa na ganinta, ana iya buga irinta. In akwai hali a haɗa biyun, sitika ta buɗe, kyamara ta shaida. In ɗaya za a ɗauka don motocin gida, sitika. Rimot da buɗewa ta kiran waya sun dace da gida ɗaya mai mota biyu ko uku; da an kai gidaje talatin ba wanda zai san rimot nawa ne ke yawo.

Ta fuskar tsaro akwai tambayoyi biyu da za ka yi wa mai haɗawa. Sitikar UHF tana da lamba iri biyu: EPC, wadda ake iya rubutawa a kuma kwafa zuwa wata sitikar da na'urar hannu, da TID, wadda aka kulle tun daga masana'anta. Wace na'urarka ke dubawa? In EPC ce zalla babu kalmar sirri, mai wayo zai iya yin kwafi. Wurin da ke da abin tsoro, kamar ma'ajiyar kuɗi ko ta magani, ya nemi tambari mai ɓoyayyen mabuɗi irin UCODE DNA na kamfanin NXP. Ta biyu, ta wace hanya na'urar ke magana da akwatin sarrafawa? Tsohon tsarin Wiegand 26 lambar kati 65,536 kawai yake iya bambantawa a ƙarƙashin lambar wuri ɗaya, alhali lambar sitika ta fi haka tsawo, sai a gutsure ta. Shi ya sa a sitikun da aka sayo barkatai ake iya samun biyu da akwatin zai ɗauka ɗaya ne. Wiegand 34 ya fi, OSDP kuma ya fi su duka, don yana iya ɓoye saƙon kuma wayarsa tana kai nisa. Sannan akwatin ya zauna a ɗakin maigadi, ba a jikin fol a waje ba. Rajistar shiga da fita ma bayanin mutane ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya. A san wanda ke da ikon buɗe ta.

Matakin kariyar jikin na'urar ya kasance aƙalla IP65, IP66 ya fi, don ƙura da ruwan damina mai zuwa da iska. Ka duba iyakar zafin da aka rubuta mata, mai kai 60 ta fi mai tsayawa a 50, kuma a yi mata 'yar rumfa daga sama ba tare da an tare gabanta da kwano ba. Wutar Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce ga ƙofar da ake so ta yi aiki dare da rana. Na'urar kanta ba ta cin wuta sosai, injin sanda ne mai ci, don haka a yi lissafin sola da batir da shi, a kuma tabbata akwai makullin ɗaga sanda da hannu wanda maigadi ya san inda yake. Fol ɗin ƙarfe a fili yana jawo tsawa. Atin mai kyau, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, da abin kare wuta a kan wayoyin ba kayan ado ba ne. Wayoyi su bi cikin bututu, saboda rana da ɓeraye.

Farashi yana bin dala, don haka ka karɓi takardar farashi daga mutum biyu ko uku, kowanne ya rubuta komai dalla-dalla: na'ura, sanda, akwati, wayar ƙasa, sitika guda nawa, aikin haƙa, da kuɗin sitika ɗaya idan an zo ƙari. Wasu suna kulle na'urarsu ta yadda sitikarsu kaɗai za ta karɓa, su sayar maka da na'ura da sauƙi su rama a sitika. Ka tambaya ko tana karɓar kowace sitika mai bin ƙa'idar EPC Gen2, wato ƙa'idar gama-gari ta sitikun UHF. Ka tambaya kuma wa zai zo in ta lalace, daga Sakkwato yake ko sai an jira shi daga Kano ko Abuja. Kashin ƙarshe na kuɗin ka riƙe shi sai an yi gwaji a ƙofarka da ƙaramar mota, da jif mai baƙin gilashi, da babur, da tsakar rana da kuma bayan isha'i, maigadi yana tsaye yana koyon yadda ake soke sitikar wanda ya tashi daga unguwa ko ya sayar da motarsa.