Gargaɗi kan masu sayar da shimfiɗar takalmi da sunan maganin ciwon muƙamuƙi

Jama'ar Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago a Legas, ina jan hankalinku kan wasu mutane da ke yawo kasuwanni, suna kuma tura talla ta WhatsApp da Facebook, suna sayar da wata shimfiɗar roba da ake sa wa cikin takalmi, wai tana warkar da ciwon gaɓar muƙamuƙi, wadda ke gaban kunne.

Dabararsu ita ce su sa mutum ya taka wani faifai, su nuna masa hoton tafin ƙafarsa mai launi-launi a waya, sannan su ce ƙafar ce ta karkace, ta ja ƙugu, ƙugu ya ja ƙashin baya, har abin ya kai muƙamuƙi. Bayanin yana da daɗin ji, shi ya sa yake cin mutane. Daga nan sai a nemi kafin alƙalami na dubban nairori, a ce za a ƙera shimfiɗar daidai ƙafarka, alhali abin da ke zuwa, idan ma ya zo, irin wadda ake tallarta ce a bakin titi. Idan ciwon bai tafi ba, sai a ce jiki ne bai saba ba, a ƙara sayen wata.

Shimfiɗar takalmi tana da amfaninta, domin likitoci kan ba masu ciwon dunduniya da masu ciwon suga, amma babu ingantaccen binciken da ya tabbatar tana gyara muƙamuƙi. Abin da aka sani yana jawo wannan ciwo shi ne cije haƙora, musamman cikin barci ko lokacin damuwa, da buguwa, da amosanin gaɓɓai, da gocewar ɗan guringuntsin da ke cikin gaɓar. Yawancin masu shi suna samun sauƙi da abinci mai laushi, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da hutar da baki daga cingam da rake da kilishi, har da goro, ko da yake na san wannan na ƙarshe zai yi wa dattawanmu nauyi. Mai cije haƙora kuwa, likitan haƙori ne ke auna bakinsa ya yi masa robar da zai riƙa kwana da ita.

Abin da ya fi asarar kuɗin muni shi ne jinkiri. Ruɓewar haƙori mai tara mugunya tana kawo irin wannan ciwo, cutar tetanus tana kulle baki bayan rauni, kuma ciwon muƙamuƙi da ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi yana iya zama bugun zuciya, wanda ba ya jira.

Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da kuma LASUTH a Ikeja. Wanda aka riga aka karɓe wa kuɗi ya adana shaidar biya da saƙonnin, ya kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.