Tsumman sauke tukunya huɗu da na kwaso a musanya: wanda ya ƙone ni da wanda ya zauna

Har yau akwai ɗan tabo a gefen babban yatsana na dama, bai fi ƙwayar dawa biyu a jere ba. Ranar 17 ga azumi na same shi, ana gab da kiran magariba, kuma wanda ya yi mini shi shi ne mafi kyawun gani a cikin tsummokaran sauke tukunya huɗu da na kwaso a musanyarmu. Tun lokacin abokan sana'a suke damuna in faɗi yadda na ga kowanne. Na ce su bari tsummokaran su ci azumi, su ci suyar naman layya tukuna. To, sun ci.

Mu 12 ne, mata masu ɗinki a cikin gida a Zariya, adashi ne ya haɗa mu. Akwai 'yan cikin birni, akwai na Tudun Wada da Gyallesu, biyu daga Sabon Gari, uku daga Samaru. Duk mai taka keke ta san buhun nan na bayan ƙofa inda ƙyallayen atamfa da shadda ke taruwa, ba su isa rigar jariri ba, kuma rai bai yarda a zubar ba. Wata malama a cikinmu, wadda ta yi 'yan shekaru a Amurka lokacin da maigidanta ke karatu, ita ta kawo shawarar. Ta ce a can matan da ke harhaɗa gutsattsarin yadi su yi bargo sukan ɗinka ɗan abin riƙe tukunya mai hawa uku, yadi sama, yadi ƙasa, abu mai kauri a tsakiya, a bi shi da layukan ɗinki, sannan su yi musanya da juna. Muka yi ta dariya, don mu a wurinmu tsumma tsumma ne: tsohuwar singiletin maigida, ko gefen zani, in an matsu ma a yago kwali. Amma muka yarda. Kowa ta ɗinko 4, inci 8 kowane gefe, da ɗan maratayi, ba maganar kuɗi. Ranar kwasar adashi a Tudun Wada aka juye su a kwando aka rufe da zani, kowa ta zura hannu ta zaro. In naki ya fito ki mayar.

Wanda ya ƙone ni, ranar da na zaro shi har guɗa aka yi mini. Tauraro ne mai kusurwa takwas, ja da ruwan gwal, kowane tsini ya haɗu da ɗan'uwansa cif, kuma duk wadda ta taɓa haɗa ƙananan ƙyallaye ta san wannan ba ƙaramin hannu ba ne. Wata guda yana rataye a ƙusa kusa da kwanukan tangaran, ina kallonsa ina jin daɗi. Ranar da abin ya faru sauran ukun suna kan igiya. Ina suyar ƙosai a kan kurfoti, mai ya fara hayaƙi, autana yana jan zanina, sai na fizgo tauraron na kama kunnen kasko. Da farko ban ji komai ba. Sai wari ya taso kamar an jefa leda a wuta, sai na ji abin ya lafe a yatsana. Allah ya sa na riga na dire kaskon, da man ne ya sauka a ƙafata da wani labarin ake yi. Gwaggona tana ta cewa a kawo man goge baki, a kawo ɗanyen ƙwai. Na ce a'a Gwaggo, na bar hannun a ruwa mai sanyi wajen minti 20 yadda ma'aikatan lafiya ke cewa a yi. Da hagu na sha kunu ranar.

Bayan asham na sa almakashi na farke shi. Cikinsa siririn soso ne irin wanda muke sa wa a kafaɗar riga, da ɗan farin fayiba na filo. Yadin gwal ɗin nan mai sheƙi kuma roba ne zalla. Foliyesta narkewa yake in zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas, kuma gefen kaskon da harshen gawayi ke lasa ba wuya ya kai nan. Auduga ba ta narkewa. Tana iya babbakewa, tana iya kamawa da wuta ma, amma ba ta zama ƙaro ta liƙe wa mutum a fata.

Abin da ya fi ba ni haushi, a Zariya muke, ƙasar auduga. A Samaru cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take fitar da irin audugar nan da ake kira SAMCOT. Amma ki shiga kasuwar Sabon Gari ki ce kina neman shimfiɗaɗɗiyar auduga ta sa wa a tsakiyar ɗinki, fayiba za a miƙo miki, a ce ai duk ɗaya ne. Atamfar ma sai an yi hattara. Tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe, KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, kasuwa ta cika da kayan waje, wata atamfar ga zane ga sheƙi amma da roba a jikinta. Yanzu ba na yarda da rubutun bakin zani. Zare nake zarowa in kanga a ashana. In ya ci da warin ƙonanniyar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya ƙanƙance ya bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, ya koma buhun bayan ƙofa, sai dai a yi jakar makaranta da shi.

Na wata 'yar Sabon Gari ba zan daɗe a kansa ba. Tsohon wandon jins ne na gwanjo da tawul ninki biyu a ciki. Zafi ba ya ratsa shi, gaskiya, amma kaurinsa ya sa ba ya lanƙwasa, kunnen ƙaramar tukunya sai ya suɓuce. Kuma in an wanke shi da damina yakan yi kwana biyu bai bushe ba. Na taɓa ɗaukarsa da ɗan danshi na ɗaga murfin madambaci, zafin ya huda ni nan take, don ruwa ya fi iska kai zafi sau fiye da 20, jiƙaƙƙen tsumma da babu duk ɗaya. Yanzu aikinsa zama a ƙarƙashin tukunyar shayi don kada ta narka mini ledar ɗaki, kuma a nan ba ni da ƙorafi.

Na malama ya fi kowanne tsari. Ta sa wani abu da ta zo da shi daga Amurka, Insul-Bright, wanda ke da siririn shafi mai ƙyalli a ciki mai mayar da zafi baya, shi ya sa in kin matsa shi yake ɗan kacar-kacar kamar ledar biskit. Shi kansa da foliyesta aka yi shi, amma ta lulluɓe shi da hawa guda na auduga, ta rufe da atamfa ta gaske, ta kewaye bakin da bayas, wato siririn ƙyallen rufe baki, da ta yanka da kanta. Da shi na fitar da tiren kek na ƙaramar sallah daga abin gashi har sau shida ban ji ko ɗumi ba. Ta gargaɗe ni kada ya shiga maikirowef saboda ƙarfen da ke ciki, ni da ko maikirowef ɗin ba ni da shi. Matsalarsa biyu. Inci 8 ɗin nan an yi shi ne don kicin mai gas da tukwane masu hannun roba, ba ya rufe tsintsiyar hannu in kin sunkuya kan murhu. Sannan in nata ya ƙare, ya ƙare ke nan, sai an yi saƙo. In girkinki na gas ne, kin samu irinsa, ki riƙe da kyau.

Sai na Inna. Ita ce babba a cikinmu, daga cikin birni ta wajen Kwarbai, ba ta taɓa hawa keke ba, aikinta ɗinkin hannu ne na babbar riga, aska biyu da aska takwas, irin wanda matan birnin Zazzau suka yi suna a kansa. Ranar musanya sai da aka ɗan yi ƙananan maganganu, don biyu ta kawo maimakon huɗu, kuma ba su bi awo ba. Faɗin daidai ne, amma tsawon ya kai kamu uku, ga launi kamar na tsohon buhu. Malama ta ce, “Inna, ai inci 8 muka ce.” Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, da Zazzagancinta ta ce, “'Yan nan, tukunyan tuwo kunne biyu gare shi. Me zan yi da abin hannu ɗaya?” Ta ce biyu ta kawo, biyu za ta ɗauka, kowa ya huta. Da hannuna ya zaro nata, ba zan ɓoye ba, raina bai so ba.

Yau shi ne a kafaɗata daga safe har dare. Tuwon masara nake tuƙawa kullum a tukunyar dalma, na mutum tara. Da shi nake danne tukunyar da hagu ina juya muciya da dama, in an gama in kama kunne biyu lokaci guda in sauke, tsakiyarsa kuma ya tare mini tururi daga gaban riga. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce tsohon gwado ne ninki biyu da zanen atamfa da ya sha wanki har ya gaji. Ashe dabarar ke nan: yadin da ya gama shan ruwa ba zai ƙara tsukewa ba, launinsa ba zai zuba ba, kuma saƙar gwado tana riƙe iska a tsakanin zarenta, iskar ce ke tare zafin. Ɗinkin kuwa sai kin kai shi kusa da ido. Layi bayan layi da farin zaren auduga, tsakanin wannan da wancan bai wuce faɗin yatsa ba, kowane taku daidai da na bayansa kamar da tef aka auna, a ƙarshen kowane layi ta mayar da allura baya sau uku ta ɓoye ƙullin a ciki. Na ƙirga wanki 14, ko zare ɗaya bai tashi ba.

Shi ma ba a rasa abin faɗa. Tsawon nan yana reto, kuma ranar suyar layya tsakiyarsa ya leƙa bakin murhu ban lura ba. Ya yi baƙi wajen girman kwabo, na murje shi a ƙasa, shi ke nan, ko ɗis bai liƙe ba. In akwai yara masu kai-komo a madafi a naɗe shi a hannu kafin a sunkuya. Kuma yana riƙe maiƙo sosai. Bayan sallah sai da na jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanki har sau biyu kafin warin kitse ya bar shi.

Kada a ce na yi ta yanka na wasu na ɓoye nawa. Ni auduga na sa ta gaske, na sayo wurin masu katifar auduga, na shimfiɗa ta da hannu. Sai ganda ta sa na yi mata ɗinki biyu kacal, daga kusurwa zuwa kusurwa, bayan allura lamba 14 ta karye mini sau biyu a kan kekena Butterfly. Wata ƙanwarmu ta Gyallesu da ta zaro ɗaya ta ce, “Anti, naki fa wanki ɗaya ya koma curin fura.” Gaskiyarta. Audugar ta dunƙule a kusurwa huɗu, tsakiya ya zama fayau, wato daidai inda tafin hannu ke zama. Ga jar atamfar sabuwa ce ban jiƙa ba, ta zuba a kan farin. Da na sa allura lamba 18, na buɗe taku, na jera layuka duk bayan inci ɗaya, da ban ji wannan kunyar ba.

Ita musanyar kanta ta yi daɗi, buhuna ya ragu, kuma na ga hannun mutanen da shekara uku muna zubi tare ban taɓa ganin ɗinkinsu ba. Inda muka yi sakaci shi ne mun tsaya a awo da launi, ba wadda ta tambayi me za a cusa a ciki, alhali abin da zai taɓa wuta ne. Mai tauraron ban faɗa mata a cikin taro ba, gida na bi ta da ragowar a leda. Ta riƙe baki ta ce, “Wallahi Yaya na ɗauka na ado ne, irin na jeren amarya.” Washegari da kanta ta bi sauran ukun ta karɓo.

Mun sa zagaye na biyu a farkon hunturu, lokacin da sabuwar auduga ke shigowa kasuwa. Wannan karon kowa za ta zo da guntun abin da ta sa a ciki, a kanga a ashana a gaban kowa kafin a jefa a kwando, kuma an cire dokar inci 8. Inna ta ce duk mai son koyon irin takunta ta same ta ranar Alhamis bayan la'asar, da allurarta da zarenta, ita ba ta bayar da aro. Na riga na lallashi Gwaggo ta bar mini tsohon gwadonta, da sharaɗin na farkon da na gama nata ne.