DC ko DCC mai sauti? Ga wanda zan saya da ni ne kai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni wane tsarin tuƙi za ka saya wa ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ake shimfiɗa wa layi a kan tebur, DC ko DCC mai sauti. Tunda filin sauke kaya za ka gina a kan tebur, kuma kana son jin kukan inji, sayi DCC. Kada ka bi ta hanyar da na bi, ta sayen araha sau biyu.

Nawa NCE PowerCab ne, na'urar tuƙin DCC ta riƙewa a hannu, shekara ta huɗu ke nan yana hannuna. Teburin kuwa bai fi santimita 180 a tsawo da 40 a faɗi ba, yana jingine da bangon ɗakin baƙi a gidana a Mabera. Ranar da na tabbatar kuɗina bai tafi a banza ba ita ce ranar da kawuna ya zo duba yara. Tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa yana bin motocin da ke kai fatu da gyaɗa Gusau, domin ka san dogo bai taɓa shigowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, mu sai dai mu kai masa kaya da mota. Ya shigo ya ga tebur, ya yi murmushin nan na manya idan sun ga babba da kayan wasan yara. Ban ce masa komai ba. Na danna maɓallin F1 a jikin na'urar. Ɗan kan jirgin dizal ɗin ya yi tari sau biyu, ya kama, ya zauna yana gurnani a wuri ɗaya, ko motsi bai yi ba. Na danna F2 ya yi oda. Kawu ya ajiye sandarsa ya ce, "Kai yaro, wanga ai kukan tashar Gusau na." Da na miƙa masa na'urar, sai da aka kira magariba sannan ya sake ta. Tarago uku kawai yake turawa gaba, ya jawo su baya, yana faɗa mini yadda leburori ke tsayawa a gefen layi da buhu a ka suna jiran tarago ya daidaita da bakin sito.

To wannan zaman da injin ya yi yana gurnani alhali yana tsaye, shi ne abin da DC ba zai ba ka ba. A DC, wutar da ka saki a layi ita ce gudun: daga sifili zuwa bolt 12, ka juya ta jirgi ya koma baya. Ka tsayar da jirgi, ka kashe wuta ke nan, sauti ya mutu, fitila ta mutu. A DCC kuwa layi na ɗauke da wuta kullum, wajen bolt 14 a girman jiragen da ake kira HO da OO, kuma umarni a cikin wutar yake tafiya. Kowane kan jirgi yana da ɗan dikoda a cikinsa, wato ɗan allon lantarki mai karɓar umarnin, mai lambarsa, sabo daga kamfani lamba 3 yake zuwa da ita, kai ne za ka canza. Ka kira lamba 3 ta tashi, lamba 7 na gefenta a kan layi ɗaya tana barci. Tsarin ya samo asali ne daga aikin kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, ta mai da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, shi ya sa dikodar wani kamfani ke jin maganar na'urar wani.

DC fa? Yana da araha, ba ya saurin lalacewa, kuma idan kan jirgi ɗaya tak za ka ajiye har abada, zai yi. Shi na fara saya, yanzu yana cikin kwali a saman sif.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa dikoda mai sauti na aiki a kan DC. Tana yi, amma sai ka murɗa wuta ta yi nisa kafin kukan ya fara, sannan oda da ƙarar birki da ƙarar haɗa ƙugiya duk ba ka da maɓallin da za ka kira su. Ka biya kuɗin rago ka ci ƙafa.

Abin da ya fi sautin ma muhimmanci a filin kaya shi ne tafiyar hawainiya. Ba tseren zagaye za ka yi ba. Aikinka raba taragai da jera su, kuma daɗin abin yana ga kan jirgi ya lallaɓo ya taɓa tarago ba tare da ya tunkuɗe shi ba. DCC na raba gudu zuwa mataki 128, kuma dikoda mai kyau tana jin nauyin da motar ke ja ta riƙe gudun daidai. Akwai saituna a cikinta da ake kira CV. CV3 shi ne yadda zai ɗauki gudu a hankali, CV4 yadda zai rage. Na ɗaga nawa har sai da ya zama idan na saki maɓalli jirgin na ci gaba da gangarawa kamar mai tan ɗari a bayansa, dole in yi lissafin tsayawa tun daga nesa. Makon farko na fasa katangar ƙarshen layi sau ba adadi, har yara suka sa mini suna.

Tsarin layin da na bi shi ne Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya yi suna da shi. Mararraba biyu ce kacal da rassa uku: ɗaya na cin tarago 5, biyun na cin 3 kowanne, wuyan shiga kuma na cin kan jirgi da tarago 3. Taragai 8 ne a fili, ka rubuta su a 'yan takardu, ka zaro 5 ido a rufe, ka jera su bisa yadda suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Ni nawa fatu ne da auduga da gyaɗa da siminti, na ƙarshen don girmama masana'antar siminti ta Kalambaina. Gaskiya Inglenook kan jirgi ɗaya yake buƙata, kuma mai DC zai kafa hujja da wannan. Amma ban taɓa ganin wanda ya shiga harkar nan ya tsaya a ɗaya ba.

Yanzu ga inda DCC mai sauti ke da rauni, kuma a garinmu raunin ya fi fitowa. Ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko, ka goge layi da safe, kafin la'asar yatsa na zana suna a kai. A DC idan ƙafa ta taka ƙura jirgi ya ɗan yi tuntuɓe, ka dungure shi da yatsa ya wuce. A DCC mai sauti, yankewar wuta ta ƙiftawar ido ta isa dikoda ta farka daga farko: kuka ya ɗauke, inji ya sake tari, ya sake tashi, a tsakiyar mararraba da taragai biyar a bayansa. Babu abin da ke kashe sha'awa kamar wannan. Maganinsa uku ne, kuma kada ka bar ko ɗaya. Na farko, a sa wa dikoda kafasita mai riƙe wuta, wadda ke tura jirgi daƙiƙa ɗaya ko biyu ko da layi ya yanke. Na biyu, sayi mararraba mai ƙarfe a tsakiya inda layuka ke gittawa, irin Electrofrog ko Unifrog na Peco, ba mai roba ba, domin ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu ko shida a kan robar nan yake mutuwa. Na uku, kada ka dogara da 'yan ƙarafan haɗa layi su kai maka wuta. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, kowane gutsuren layi ka liƙa masa tasa wayar da dalma. Aikin yini guda ne mai ciwon baya, amma sau ɗaya ake yinsa. Gogewa kuwa tsumma mai laushi da ɗan sifirit ya isa. Kada ka kusanci layi da sanfefa, tana barin zane, ƙura ta samu gidan zama. Ni tsohon zanen uwargida nake lulluɓa wa teburin duk dare.

Zafi ma na da nasa. Na shimfiɗa layina a watan Janairu, na matse kowane haɗi tsam. Da Afrilu ta zo, ɗakin kwano, zafi ya haura digiri 40, na shigo na tarar dogon reshen ya lanƙwashe kamar maciji. Ƙarfe na miƙewa da zafi. Bar tsaga mai kaurin katin waya a kowane haɗi. Kuma na'urar da adaftarta kada ka haɗa su kai tsaye da janareto, ni ta inbatar sola nake ba su wuta. Duba jikin adafta kafin ka soka: idan 110 kawai aka rubuta, ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, hayaƙi za ka gani.

Za ka ji masu cewa a sayi wadda ake tuƙawa da wayar hannu, irin Z21 ta Roco. Na'ura ce mai kyau, allonta na nuna hoton kowane jirgi. Ni dai a aikin jera taragai idona na kan ƙugiya, babban yatsana na kan ɗan gurgurin PowerCab, ba na son leƙa gilashi in nemi inda zan shafa. PowerCab ɗin amfiya 2 take bayarwa, ta ishi kan jirgi biyu ko uku masu sauti, har tana nuna maka wutar da ake ja. Aibinta ɗaya, ba a zare ta daga soket ana cikin aiki, domin wutar layin ta cikinta take bi. Idan kuma aljihu ya yi nauyin tashi kuma hannunka ya saba da dalma, akwai DCC-EX, wanda ake haɗawa da allon Arduino Mega, manhajarsa kyauta ce.

Girma kuwa, ɗauki HO ko OO, duka a kan layi mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya, na farko kashi 1 cikin 87, na biyu 1 cikin 76. N ƙarami ne, milimita 9, yana cin wuri kaɗan, amma sifikarsa kamar ta agogo take, kuma ƙwayar ƙura a wurinsa dutse ce. Abin dariya, tsohon dogonmu mai faɗin milimita 1,067 idan za a bi lissafi sosai, a kan layin 16.5 girman 1 cikin 64 ne ya dace da shi. Ni ban wahalar da kaina ba, na yi wa taragai fenti na wuce, kawu ma bai yi ƙorafi ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, domin a nan kuɗi ke ƙonewa. Babu shagon kayan nan a Sakkwato, dole ta intanet ko ta hannun 'yan gwanjo, kuma cikinsu akwai marasa tsoron Allah. Idan kwali ya ce DCC Ready, ma'anarsa akwai soket kawai, babu dikoda a ciki. DCC Fitted na da dikoda amma bebe ne. Sai ka ga kalmar Sound sannan akwai sauti. Wani mai sayarwa ya taɓa turo mini bidiyon kan jirgi yana kuka tiryan-tiryan, na tura kuɗi, kaya suka iso tasha, na buɗe ciki na tarar da soket wayam. Ashe sautin daga wani bidiyo ya ɗora. Da na kira shi ya ce ai "ready" ya rubuta, daga nan layinsa bai sake shiga ba. Tun daga ranar, sai an yi kiran bidiyo, ni zan ce danna oda yanzu, kashe fitila yanzu, ina kallo. Idan ya ce dikodar kamfanin ESU ce ko Zimo, a karanta CV8, saitin da ke nuna lambar kamfani, a gabana: ESU 151 take nunawa, Zimo 145. Dikoda mai sauti ta kirki wani lokaci tana kai kuɗin kan jirgin kansa, don haka duk wanda ya ba ka su biyun a farashin ɗaya, ka tambayi kanka ina ya samo rahamar nan.

Ka kuma tambayi irin soket kafin ka sayi dikoda daban, akwai mai fil 8, mai fil 21, da Next18, ba sa shiga gurbin juna. Ka ce a juya maka jirgin ka ga cikinsa: idan akwai dogon ƙarfe kamar takalmi a tsakanin ƙafafu, na tsarin Märklin ne mai ɗaukar wuta daga tsakiyar layi, ba zai yi tafiya a naka ba. Tsohon layin da mayen ƙarfe ke kamawa kuwa baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya zai yi tsatsa, nemi na nikel. Kuma kada ka ɗora kan jirgi marar dikoda a layin DCC ka tafi sallah, motar za ta yi ta zuga har ta ƙone. Wannan ma na gani da idona.

Saboda haka ga jerin sayayya: PowerCab, ƙaramin kan jirgin dizal guda ɗaya mai sauti da kafasita, mararraba biyu masu ƙarfe, layin nikel guda huɗu masu tsawon yadi, taragai takwas gajeru. Filawud da katakon ƙafa kafinta na unguwa zai yi maka, ka ce ya sa masa ƙarfafa a ƙasa kada ya banƙare. Gine-gine da sito da 'yan leburori bar su sai jirgi ya yi wata guda yana wuce mararraba ba tuntuɓe. Idan kayan sun iso, kawo kan jirgin Asabar bayan la'asar mu ɗora shi a layina mu karanta CV8 kafin ka cika wa mai kaya ragowar kuɗinsa.