Likitan da ya ɗinke hannun da likitan inshora

Injin casar shinkafa ya cinye wa ƙanena yatsu biyu a Kura. Likitan da ya ɗinke shi ya ga yadda cokali ke suɓuce masa, ya rubuta cewa hannun ba zai ƙara aikin inji ba. Wataƙila tausayi ya ɗan ja alƙalaminsa, amma dai ya taɓa ciwon.

Na kamfanin inshora kuwa fayil kawai ya duba daga ofis a birni, ya ce raunin kaɗan ne. Ban ce ya yi ƙarya ba, sai dai wanda zai biya diyyar shi ke biyan sa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba mai rauni haƙƙi, amma rahoton likita ake dubawa. Mun nemi ya ga yaron ido da ido, har yau shiru.