Cocin St. Andrew's da ke bakin Jan Kogi: rabin yini ya ishe ka

Asabar ɗin da ta wuce muka ɗauki hanyar River Road daga Winnipeg, ni da maigidana da ƙanwarsa. Cikin kamar rabin awa muka isa ƙauyen St. Andrews da ke bakin Jan Kogi (Red River), a lardin Manitoba na ƙasar Kanada. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, don haka tun daga nesa hasumiyar cocin ta fara leƙo mu.

An fara ginin a 1845, aka gama a 1849, kuma shi ne cocin dutse mafi tsufa a yammacin Kanada da ake ibada a ciki har yau. Rabaran William Cockran na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglikan, ne ya tsaya a kansa, CMS ɗin nan dai da ta kafa Wusasa a Zariya. Jin haka ƙanwar maigidana ta ce ashe 'yan gida ɗaya ne. Mabiyansa na farko tsofaffin ma'aikatan kamfanin cinikin fatu na Hudson's Bay ne da iyalansu.

Ban ga wani ado na a zo a gani ba, kuma abin da ya burge ni ke nan. Farin dutsen yankin ne aka jera, bango mai kauri, tagogi masu tsini a sama irin na cocin ƙauyen Ingila. Na sa hannu na shafa matashin durƙuso da aka rufe da fatar ɓauna, ta yi laushi saboda gwiwoyin da suka goge ta.

Yarinyar da ta zagaya da mu ta iya labari. Wai maginin, Duncan McRae, ya yi ƙorafin cewa ginin ya yi tsawo, na baya ba za su ji wa'azi ba. Sai Cockran ya tura shi can ƙarshe, ya ɗaga murya ya yi masa faɗa kan shan barasa. McRae ya ji tsaf, har ya so a ce ginin ya fi haka tsawo. Kabarin Cockran ɗin na nan a maƙabartar harabar.

Gidan limamin da ke tsallaken titi an mai da shi gidan tarihi, amma mun duba shi a gurguje. Laifina ne, na manta maganin sauro, ga shi sauron bakin kogi da rani ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Mai zuwa ya taho da mota da riga mai dogon hannu.