Aguwa ko lalle: wanne ya fi dacewa da shingen garka?

Hajiya, kin ce kina da ƴar garka a hanyar Mirriya, da rijiya a ciki, kuma kin gaji da sake darnin kara duk shekara saboda gara da awaki. Tambayarki ita ce aguwa za ki dasa ko lalle. Duka biyun na yi a ƙasarmu, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Aguwa ta rani ce. Damagaram ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da ƴan kai ba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma wannan ya ishe ta. Shi ya sa ake dasa ta a wajen Gure don tsayar da tudun rairayi. Ba iri ake shukawa ba. Reshe ake sarowa mai kauri, tsawon kamu ɗaya ko fiye, a ajiye shi a inuwa kwana kaɗan ƙaron ya bushe, sannan a kafa shi a rami tun cikin bazara, Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka. In aka kafa ta a laka mai riƙe ruwa, ruɓewa take yi. Awaki ba su damu da ita ba saboda farin ruwan nan nata, kuma shi ne abin tsoronta: in ya shiga ido akwai azaba, sai a ja wa yara kunne. Aibinta na biyu, ba ta da ƙaya, kuma da rani ganyen ya zube sai ki ga ƙasanta wayam, ɗan akuya ya ratsa abinsa. Maganin wannan a dasa ta kusa da kusa, tazarar taƙi ɗaya, layi biyu.

Lalle kuwa mai son ruwa ne, musamman shekararsa ta farko. Ba ya yafe ƙishi yana ƙarami, kuma a lokacin awaki na iya tsinke shi tas. Amma in ya kama, ana aske shi, yakan cika tun daga gindi, tsofaffin rassan su yi tsini kamar ƙaya. Sannan yana biyan wahalarsa. Ki yanka, ki shanya a inuwa don kada rana ta kashe launin, ki daka. Ga gidan biki, ga kasuwar Dole ta Damagaram. Ƙamshin furensa da yamma ma wani abu ne da aguwa ba ta da shi.

Bini da zugu ban ba ki shawararsa ba: ƴaƴansa guba ne ga yara, kuma ya fi jin daɗin kudu, wajen Magariya da Matamai. Bagaruwa tana da ƙaya, majema na sayen ƴaƴanta, sai dai babban icce take zama, ta rufe miki salad da tumatir da inuwa.

Ni a ganina, tun da kina da rijiya, ki haɗa su. Aguwa a waje ta ɓangaren da dabbobi ke bi, lalle a ciki inda ruwan kwamin ke isa. Kada ki cire tsohon darnin sai lallen ya kai ƙugu. In kuwa rijiyar na ƙafewa a watan Maris, ki tsaya kan aguwa kaɗai, ki cike gurabun da rassan magarya.